Wa ke da ikon faɗin hukunci? Tambayoyi da amsoshi kan ƙa'idojin isar da shari'ar Yahudawa

Shari'ar addinin Yahudawa, wadda suke kira halaka, a buɗe take ga duk mai son karatu. Littattafanta suna kasuwa, an kuma fassara manyansu zuwa harsuna da dama. Sai dai karanta hukunci daban, ce wa mutum "yi" ko "bari" daban, kuma malamansu sun daɗe da shata iyaka tsakanin biyun. Yawancin tambayoyin nan a kan wannan iyaka suke.

Daga ina wannan shari'a ta samo asali?

Tushenta Attaura, wato littattafai biyar da ake dangantawa da Annabi Musa. Malamansu sun ƙirga umarni 613 a ciki, 248 na aikatawa, 365 na hani. Amma sun yi imani cewa tare da rubutacciyar Attaura akwai bayani na baka da aka riƙa miƙawa daga malami zuwa ɗalibi. Wajen shekara ta 200 miladiyya Yahuda Hanasi ya tattara wannan bayani a littafin Mishna, mai manyan sassa shida. Muhawarar da aka ci gaba da yi a kan Mishna ita ta haifar da Talmud guda biyu, na Ƙudus da na Babila. Na Babila, wanda ya fito daga makarantun Sura da Fumbedita a ƙasar Iraƙi ta yau, shi ya fi rinjaye wajen hukunci.

Talmud kuwa ba littafin "ga halal, ga haram" ba ne. Gardama ce mai shafi 2,711, sau tari ma akan tashi daga mas'ala ba a ce ga wanda ya yi nasara ba. Shi ya sa na baya suka yi ta ƙoƙarin tace shi: Ishaƙ Alfasi na birnin Fas (ya rasu 1103), da Musa bin Maimun (ya rasu 1204), da Ashiru bin Yehiyel wanda ya bar Jamus ya zauna a Toledo ta ƙasar Sifen. A ƙarshe Yusuf Karo, mazaunin garin Safad da ke arewacin Isra'ila ta yau, ya rubuta Shulhan Aruk, aka buga shi a Benis ta Italiya a 1565. Hanyarsa ita ce ya duba waɗancan ukun, inda biyu suka haɗu ya bi su. Har yau wannan littafi ne madogarar masu riƙo da halaka.

To tunda akwai littafi irin wannan, me zai hana kowa ya buɗe ya karanto wa ɗan'uwansa amsa?

Ba abin da ya hana karantawa, karatun ma ibada ne a wurinsu. Abin da aka taƙaita shi ne ɗora hukuncin a kan wani mutum da halin da yake ciki. Talmud ya faɗa ƙarara cewa ba a ɗaukar hukuncin aiki daga abin da aka ji a darasi, ko daga wani lamari da aka ga malami ya yanke, sai an ce maka wannan hukunci ne na aikatawa. Dalilin yana fitowa sarai idan aka ɗauki misali daga madafa.

Masu riƙo da halaka ba sa haɗa nama da madara, har tukwane da cokula sukan raba. A ce mace tana dafa nama, sai ta juya miyar da cokalin da ake damun madara da shi. Littafi zai gaya maka cewa ɗan abin da ya faɗa cikin abinci yakan ɓace idan abincin ya ninka shi sau 60. Wanda ya tsaya nan zai ce shi ke nan, a ci. Malamin da ya san aikinsa kuwa tambayoyi zai jero: tukunyar tana tafasa ne ko ta huce? An yi amfani da cokalin a madara mai zafi cikin awa 24 da suka wuce? Wankakke ne ko da sauran madara a jikinsa? Nawa ne girman cokalin idan an gwada da abin da ke cikin tukunyar? Kowace amsa tana iya sauya hukuncin miyar, da na cokalin, da na tukunyar kanta.

Akwai kuma abin da mai tambaya ba zai faɗa ba sai an lura da shi. Halaka ta yarda a dogara da ra'ayi mai sauƙi a wasu mas'aloli idan akwai babbar asara, ko ana cikin matsi, ko Asabar, ranar hutunsu da ba a aiki ko girki, ta gabato ga baƙi a gida. Babbar asara kuma gwargwadon aljihun mutum ce. Kazar da attajiri zai zubar bai ji komai ba, ita ce cefanen mako na wata gwauruwa. Saboda haka mutum biyu za su iya kawo tambaya iri ɗaya su koma da amsa biyu, kuma duka daidai. Wanda ya ji amsar da aka ba gwauruwar ya yaɗa ta a matsayin hukuncin kowa, ƙarya ya yi wa malamin ko da bai canza kalma ɗaya ba. Wannan ne asalin al'adar da ake gani a littattafan halaka na zamani, inda marubuci ke gargaɗi tun a shafin farko cewa don karatu ya rubuta, mai son aiki ya tambayi malaminsa. Wasu na ɗaukar wannan gargaɗi a matsayin zillewa. A ganina shi ne jumla mafi gaskiya a irin waɗannan littattafai.

Wane ne ya isa ya yanke hukunci?

Wanda malamansa suka gwada shi suka ba shi izini, izinin da ake kira semika. Yana da matakai: akwai na amsa tambayoyin halal da haram na yau da kullum, akwai na zama alƙali a shari'ar dukiya. Aure da saki kuma sai wanda ya ƙware a kansu musamman, domin kuskure a takardar saki yana iya barin mace da igiyar aure a kanta ba ta sani ba.

Semika ta asali, wadda suke cewa sarƙarta ta taso daga Annabi Musa, ta yanke tun ƙarni na 4 zuwa na 5. A 1538 Yakubu Berab ya yi yunƙurin farfaɗo da ita a Safad, har ya ba Yusuf Karo, amma babban malamin Ƙudus na lokacin, Lawi bin Habib, ya ƙi amincewa, abin ya mutu bayan 'yan tsararraki. Don haka babu wata kujera guda da hukuncinta ya hau kan Yahudawan duniya duka. Ko ofishin manyan malamai na Isra'ila, wanda aka kafa a 1921 zamanin mulkin Ingila, ikonsa bai wuce iyakar ƙasar ba. Manyan masu fatawa irin su Moshe Feinstein na New York (ya rasu 1986) da Obadiya Yusuf haifaffen Bagadaza (ya rasu 2013) sun kai inda suka kai ne saboda jama'a da sauran malamai sun yi ta kawo musu tambaya suna karɓar amsar.

Talmud ya zargi mutum biyu a wuri guda: ɗalibin da bai kai ba amma yana ba da fatawa, da malamin da ya kai amma ya ƙi bayarwa. Mutane sun fi tuna na farkon. Na biyun ma laifi ne.

Ɗalibi zai iya amsa tambaya alhali malaminsa yana kusa?

A'a, sai da izininsa, ko da ya san amsar. Haka kuma baƙon malami ba ya shiga gari ya yi fatawa a kan malamin garin. An keɓe hali guda: idan ya ga ana shirin aikata haram a gabansa, zai hana nan take.

Dole ne mai isar da hukunci ya faɗi inda ya samo shi?

Wannan tana cikin ƙa'idojin da suka fi ƙarfi. Suna da magana cewa mai faɗin zance da sunan wanda ya faɗe shi yana kawo wa duniya ceto, suna kafa hujja da sarauniya Esta ta cikin littattafansu masu tsarki, wadda ta kai wa sarki labarin makirci da sunan Mordekai, wanda ya gaya mata. Shafukan Talmud cike suke da "wane ya ce da sunan wane", wani lokaci har hawa uku. Mai karatun hadisi zai ga kama da isnadi, ko da yake ba su gina ilimin tantance maruwaita irin na Musulmi ba.

Babban wanda aka taɓa kamawa da wannan laifi shi ne Musa bin Maimun da kansa. Ya kammala Mishne Tora wajen 1180 a Misira, juzu'i 14, cikin Ibrananci mai sauƙi da tsari wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Amma bai ambaci madogararsa ba, hukunci kawai yake jerowa. Ibrahim bin Dawud na kudancin Faransa ya taso masa da suka mai zafi, yana cewa ta yaya zai bar ra'ayinsa ya bi na wani alhali bai ga hujjar ba. Malamai sun shafe ƙarnoni suna bin littafin layi-layi suna nemo tushen kowace magana, Yusuf Karo ma ya rubuta sharhi guda a kan wannan aiki. Idan mai girman Bin Maimun bai tsira ba, mai cewa "na ji an ce" ba shi da mafaka.

Ambaton tushe ya haɗa da faɗin matsayin maganar: daga Attaura take, ko dokar malamai ce, ko al'ada, ko tsantseni na wanda ya ga dama. Haɗa su a buhu ɗaya da sunan "haramun ne" ɓata shari'a ne, domin hukuncin shakka ma ya bambanta. A dokar Attaura ana tsanantawa idan an yi shakka, a dokar malamai ana sassautawa.

Me ya sa Bayahuden Maroko da na Foland za su ba da amsa daban a kan abu ɗaya?

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a halaka al'adar gidan tana da ƙarfin doka. Karo Basafarde ne, zuriyar waɗanda aka kora daga Sifen a 1492, littafinsa kuma ya bi hanyarsu. Musa Isarles na birnin Krakow a Foland (ya rasu 1572) ya bi shi da ƙarin bayani a duk inda Ashkenazawa, wato Yahudawan Jamus da gabashin Turai, suka saɓa. Ana buga littafin da ƙarin bayanin tare a shafi ɗaya, wannan haɗin ne ma ya sa ɓangarorin biyu suka karɓi littafin.

Bambancin ya shiga har cikin kwano. A Idin Ƙetarewa Ashkenazawa ba sa cin shinkafa da wake, yawancin Safardawa suna ci. Bayan cin nama, akasari ana jiran awa 6 kafin a sha madara, amma zuriyar Yahudawan Jamus awa 3 suke jira, na Holan kuwa wajen awa 1. Idin da ake yi kwana 7 a Isra'ila, kwana 8 ne a wajenta. Wajen shekara ta 1000 malam Gershom na birnin Mainz a Jamus ya haramta wa Ashkenazawa auren mace fiye da ɗaya, Yahudawan Yaman kuwa dokar ba ta hau kansu ba, sun ci gaba da yi har ƙarni na 20. Ga wata da za ta ba mutanen Maiduguri da Zinder sha'awa: Attaura ta halatta wasu nau'o'in fara, amma sai al'ummar da ta gaji sanin waɗanne ne take ci. Yahudawan Yaman sun gaji wannan sani, na Turai sun rasa shi, don haka fara halal ce ga wancan, wannan kuwa ba ya taɓa ta.

Saboda haka kafin a amsa wa mutum, akan fara tambayarsa daga ina iyayensa suka fito. Mai isar da hukunci kuma ya ce "a wurin Safardawa" ko "a al'adar Ashkenazawa", kada ya ce "Yahudawa suna yin kaza".

Ƙungiyoyin zamani fa?

Nan saɓanin ya fi zurfi, domin a kan matsayin halaka kanta ne. Masu ra'ayin gargajiya, Otodoks, suna ganin ta wajaba dukkanta. 'Yan Konsabatib sun yarda ta wajaba amma suna ba kwamitin malamansu damar sauya abubuwa: a 1950 a Amurka sun halatta shiga mota zuwa wurin ibada ranar Asabar, abin da Otodoks ba su yarda da shi ba ko kaɗan. 'Yan Rifom ba sa ɗaukar ta a matsayin tilas, a 1983 ma suka amince ɗan da ubansa kaɗai ne Bayahude ya zama Bayahude idan an rene shi a haka, alhali a halaka ta uwa ake bi. Akwai kuma Karaiyawa, tsohuwar ƙungiya da ba ta karɓi Talmud ba tun farko. Adalci shi ne a faɗi daga wace ƙungiya amsa ta fito. Jingina fatawar wata ga wata yaudara ce ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Idan amsar malami ba ta yi wa mutum daɗi ba, zai iya zuwa wurin wani?

Ƙa'idar Talmud ita ce abin da malami ya haramta, ɗan'uwansa ba ya halatta shi. Na baya sun fayyace cewa wannan a kan ainihin abin da aka kawo ne, kamar wannan kazar ko wannan tukunyar, kuma ana iya zuwa wurin na biyu muddin an gaya masa an riga an tambayi wane, ga abin da ya ce. Idan na farkon ya yi kuskure a abin da yake sananne, hukuncinsa ya warware. Abin da ake ƙyama shi ne yawon neman fatawa, a yi ta zagaye har a dace da mai cewa "e". Shi ya sa Mishna ta ce mutum ya tsayar wa kansa malami.

Ba gara a riƙa faɗin ra'ayi mafi tsanani ba, don a kauce wa kuskure?

Mutane da yawa haka suke zato, malamai kuwa ba su tafi a kan haka ba. Game da makarantun Hilel da Shammai, manyan malamai biyu na da waɗanda almajiransu suka sha saɓawa, Talmud ya ce mai tsintar sassaucin wannan da sassaucin wancan mugu ne, mai tsintar tsananin wannan da tsananin wancan kuma wawa ne mai tafiya cikin duhu. Suna kuma cewa ƙarfin mai halattawa ya fi, domin kowa zai iya cewa "haramun" don tsoro, amma "halal" sai wanda ya tabbata da iliminsa. Haramta halal yana da nasa ɓarnar: abinci ya tafi juji, kuɗin mutane su salwanta, ma'aurata su nisanci juna ba dalili. Mutum yana da damar tsananta wa kansa. Sayar wa jama'a tsantseninsa da sunan doka ne ba shi da dama.

Yaya ake yi da ra'ayin da aka kayar?

Ana adana shi da sunan mai shi. Mishna ta tambayi kanta me ya sa ake rubuta ra'ayin mutum ɗaya alhali an bi masu rinjaye, ta amsa cewa wata kotu a gaba tana iya buƙatar dogara da shi. Labarin Hilel da Shammai ya ƙara haske: an ce sun yi shekara 3 suna jayayya, sai aka ji murya daga sama tana cewa duka biyun maganar Allah Rayayye ce, amma hukunci na gidan Hilel ne. Dalilin da aka bayar shi ne suna da sauƙin hali, suna karanta ra'ayin abokan gardamarsu, har sukan fara ambaton sa kafin nasu.

Wannan bai sa ra'ayin da aka kayar ya zama abin aiki ba. Mai isarwa zai ce akwai wanda ya ce kaza, amma ba a bi shi ba. Ko mu'ujiza ba ta sauya wannan: a wani sanannen labari na Talmud malam Eliyeza ya kafa hujja da abubuwan al'ajabi har da murya daga sama, malam Yoshuwa ya miƙe ya ce Attaura ba a sama take ba, aka bi masu rinjaye.

Akwai lokacin da ba a jiran malami?

Idan rai yana cikin haɗari. Ana karya Asabar, ana karya azumin Ranar Kafara, babban azuminsu na shekara, a kira likita, a tuƙa mota. Talmud na Ƙudus ya ce mai gaggawa abin yabo ne, mai tsayawa tambaya kamar mai zubar da jini ne, malamin da aka zo tambaya kuma abin zargi ne, domin da ya koyar da mutanensa tun wuri da ba su tsaya ba. Abubuwa uku kaɗai aka ce mutum ya gwammace mutuwa da aikata su: bautar gunki, kisan kai, da manyan laifukan alfasha.

Ana iya ba da labarin tambayar da wani ya yi?

Hukuncin ana iya karantar da shi, mai tambayar ne ba a fallasawa. Tun zamanin shugabannin makarantun Iraƙi ake aiko da tambayoyi a rubuce daga nesa. Wajen 987 Sherira Gawon, shugaban makarantar Fumbedita, ya amsa wa mutanen Ƙairawan ta Tunisiya da doguwar wasiƙa kan yadda aka tattara Mishna da Talmud, an kuma tsinci tarin irin waɗannan wasiƙu a ɗakin ajiyar tsoffin takardu na majami'ar Bin Ezra a tsohuwar Alƙahira. A wannan adabi na tambaya da amsa, wanda ya kai dubban juzu'ai, al'ada ce a sauya sunayen masu rigima da Ra'ubainu da Saminu, matan kuma Rahila da Lai'atu. Dokar hana gulma tana da tsanani a wurinsu, ta shafi har maganar da take gaskiya, malam Isra'ila Meir Kagan ma littafi guda ya rubuta a kanta a 1873. Kunyata mutum a bainar jama'a kuwa Talmud ya kwatanta shi da zubar da jini. Ana kuma danganta wa Gershom ɗin nan dokar hana buɗe wasiƙar wani.

Kunya takan hana mata kai wa namiji tambayoyin haila da zaman aure. Don haka a 1997 makarantar Nishmat ta Ƙudus ta fara horar da mata masu ba da shawara a wannan fanni, suna amsa abin da yake sananne, mai wuya su miƙa wa manyan malamai.

Idan aka ga mutum yana kuskure, a gaya masa?

Attaura ta yi umarni da yi wa ɗan'uwa gyara, amma malamai sun sa sharaɗi: a keɓe, da taushin murya, kuma inda ake sa ran za a ji. Sun ce kamar yadda faɗin abin da za a karɓa umarni ne, haka barin faɗin abin da ba za a karɓa ba. A wasu al'amura da aka san jama'a ba za su bari ba, sun ce a ƙyale su, gara su yi cikin rashin sani da su yi da gangan. Kafin duk wannan ma sai mai gyaran ya tabbata kuskure ne, domin sau da yawa abin da ya gani al'adar wata al'umma ce da bai sani ba.

Wanda ba Bayahude ba, waɗannan hukunce-hukunce sun shafe shi?

A fahimtar malamansu, a'a. Umarni 613 na Bani Isra'ila ne, ba sa neman wani ya kiyaye Asabar ko ya raba nama da madara, ba sa kuma fita neman masu shiga addininsu. Abin da suke ganin ya hau kan sauran 'yan Adam dokoki 7 ne da suke dangantawa da zuriyar Annabi Nuhu: hanin bautar gunki, da saɓon sunan Allah, da kisa, da alfasha, da sata, da cin gaɓar da aka yanko daga dabba mai rai, sai umarnin kafa kotunan adalci. Ɗan jarida ko ɗalibi da ke son bayar da labarin wani hukunci nasu zai iya, sai dai ya faɗi littafin da ya gani, da al'ummar da ke bin sa, da ƙungiyar da malamin ya fito.